Yadda na sauya lambar wani kan jirgin wasa na gwanjo a Aboabo

Kan jirgin ya shigo hannuna ne ta wurin wani abokina mai sayar da kayan gwanjo a Alabar, wanda ya tsince shi a gindin wani kwali cike da tsofaffin rediyoyi, ya kuma ajiye mini shi domin ya san na shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur a bayan shagona na gyaran talabijin a Aboabo, a Kumasi. Samfurin HO ne, wato an rage girman jirgin gaske sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafunan layinsa kuma milimita 16.5 ce. Da na cire murfinsa sai na tarar da dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni ta sarrafa jirgin, a kwance a kan injin, ba ta fi farcen babban yatsa ba, amma babu kwalinsa na asali, babu kuma wata takarda da ta nuna lambar da mai shi na farko ya ba shi.

Ga wanda bai saba da wannan harka ba, tsarin da dikoda ke aiki da shi, wanda ake kira DCC, ya bambanta da tsohon tsari, inda ƙara ƙarfin wuta ke sa duk abin da ke kan layi ya tashi gaba ɗaya. A DCC wuta tana kan layi kullum, umarni kuma yana tafiya a cikinta, kowace dikoda tana sauraro har sai ta ji an kira lambarta, kamar yadda a gidan haya mai yara da yawa ake kiran sunan ɗaya shi kaɗai ya amsa. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya kafa tushen tsarin, ƙungiyar masu jiragen ƙasa na wasa ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ma'auni a shekarun 1990. Sabuwar dikoda tana fitowa daga masana'anta da lamba 3, shi ya sa na fara kiran 3, daga nan na kira lambar da aka rubuta a jikin jirgin, amma ko fitila bai kunna mini ba.

Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a shagon ya ce, "Kawu, me zai hana mu goge komai ya koma yadda ya fito daga kamfani?" Shawararsa tana da tushe, domin dikodoji da yawa suna komawa saitinsu na asali idan aka rubuta 8 a gurbin CV8 (CV su ne guraben da dikoda ke ajiye saitinta a ciki), ko da yake ba kowane kamfani ne ke bin wannan hanya ba. Na ƙi ne saboda gogewa ba ta zaɓe: tana tafiya da lamba, ta kuma tafi da duk wahalar da wani ya sha wajen daidaita tashin jirgin da tsayawarsa da haɗa fitilunsa da maɓallai. A ganina, kayan gwanjo a fara karanta abin da ke cikinsa kafin a rubuta masa wani abu, kamar yadda ba na taɓa kwance talabijin ɗin mutum sai na auna na ga inda wuta ta tsaya.

Karatun ana yin sa ne a kan layin saiti, wato wani guntun layi na dabam wanda na'urar sarrafawa ke ba shi wuta kaɗan, don kada kuskuren waya ya ƙona dikoda. A nan ba a bukatar sanin lambar jirgi, domin duk wanda aka ɗora shi ake yi wa magana, saboda haka jirgi ɗaya tak ake ɗorawa. Dikodar ba ta da baki, sai dai ta amsa ta hanyar jan wuta kamar miliamfa 60 na ɗan ƙiftawar ido ta cikin injin, shi ya sa ake ganin jirgin yana zabura a tsaye. Nawa bai zabura ba, na'urar ta ce ba ta ga kowa ba. Da na kifar da shi a tafin hannuna sai na ga baƙar dauɗa ta yi zobe a kan kowace ƙafa, ta haɗu da ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a kan layin. Na jiƙa auduga da sifirit na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har audugar ta daina yin baƙi, na ɗan miƙar da siraran ƙarafunan jan ƙarfe da ke ɗaukar wuta daga bayan ƙafafun, sannan na mayar da shi. A wannan karo ya girgiza, allon kuma ya fara nuna lambobi.

Gurbin da ya fi muhimmanci shi ne CV29, domin shi ne ke faɗa wa dikoda wace lamba za ta amsa. Gajeriyar lamba, daga 1 zuwa 127, tana zaune a CV1, doguwa kuma an raba ta tsakanin CV17 da CV18. Na karanta CV29 na sami 38, wato 32 da 4 da 2: 2 na nufin matakan gudu 28 ko 128, 4 na ba shi damar tafiya a kan tsohon tsari, 32 kuwa na nufin doguwar lamba ce ke aiki. Da a ce na yi gaggawar rubuta sabuwar lamba a CV1 kaɗai, da mai yiwuwa na kwana ina kira ba amsa. CV17 ya nuna 201, CV18 ya nuna 46. Lissafin shi ne a cire 192 daga na farko, a ninka abin da ya rage sau 256, a ƙara na biyu, sai ga 2350 ta fito. Na rubuta duk waɗannan a littafin shago kafin na taɓa komai.

Na zaɓa masa 1903, shekarar da layin dogo daga Sekondi ya iso Kumasi, domin kakana ya sha ba mu labarin yadda ake loda goro a tashar jirgin garin nan, kuma ina son jiragena su ɗauki lambobin da ke da ma'ana a wurina. Idan aka raba 1903 da 256 ana samun 7 da ragowar 111, saboda haka na rubuta 199 a CV17, na rubuta 111 a CV18, na bar CV29 a 38. Yawancin na'urori suna yin wannan lissafi da kansu, amma na fi son yaron ya ga yadda ake yi da hannu.

Da na mayar da shi babban layi na kira 1903, fitilar gaba ta kama, amma na murɗa gudu har ƙarshe bai motsa ba. Yaron ya ce, "Kawu, ko injin ne ya mutu?" Na san ba haka ba ne, tun da ta cikin injin ne ya amsa mini a layin saiti. Sai bayan sallar la'asar na tuna da CV19, gurbin da ake amfani da shi idan an haɗa kawunan jirgi biyu ko uku su ja taragu tare. Muddin akwai lamba a cikinsa, dikoda tana karɓar umarnin gudu daga wannan lamba ne, fitila kuwa tana iya ci gaba da amsa lambarta ta kanta. Na karanta na sami 12, alamar cewa a gidansa na farko yana da abokin tafiya da aka raba su a hanyar zuwa Ghana. Na rubuta 0, na mayar da shi.

Ya tashi a hankali, ya ɗauki kusan tsawon hannu kafin ya kai cikakken gudu, ya kuma tsaya da irin wannan natsuwa, wato aikin da mai shi na farko ya yi a CV3 da CV4, guraben tashi da tsayawa, yana nan yadda ya bar shi. Na yanki 'yar takarda na rubuta tsohuwar lamba da sabuwa da ƙimar CV29, na manna ta a cikin murfin akwatin da na yi masa. Abin da ya rage shi ne mahaɗin baya da ya karye, wanda sai na samo irinsa kafin ya iya jan taragu.