Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Hannuna a Katangar Direbobi

A makon jiya mun tsaya inda na bar sana'ar goro, na koma rubuta wa mutane wasiƙa da rasit a Zangon Agege. Ina wannan zaman ne ɗan yayata, direban tirela, ya zo mini da magana.

"Kawu, wani Bayarabe mai zane yana neman mai hannu. Na ce masa duk Agege babu kamarka."

Wurin yana bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, dab da Berger, inda direbobi ke tsayawa su yi salla, su ci abinci, su duba taya kafin su miƙi hanyar Arewa. Mai wurin ya ba da doguwar katanga a zana fuskokin marubutan Najeriya. Sharaɗin mai zanen shi ne masu bin hanyar su rubuta sunayen da hannunsu. Wata mai sayar da amala ta rubuta Fagunwa. Wani kwandasta ya rubuta Wole Soyinka, da 1986 a ƙasa, shekarar da ya ci kyautar Nobel.

Ni sunan Abubakar Imam aka ba ni, mutumin Kagara, wanda ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Na rubuta da boko, da farin ciki. Amma da na bi katangar da kallo, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ce wa mai zanen, "Maigida, mun fara rubutu tun kafin boko ya zo. Ina Nana Asma'u?"

Bai taɓa jin ta ba. Na zaunar da shi a kan benci na gaya masa: 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, an haife ta a 1793, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauye, su ne 'Yan Taru. Ya tambayi hotonta. Na ce babu, kuma ba zan yarda a ƙago mata fuska ba. Ya yi shiru, can ya ce to sunanta ya cika gurbin fuskar gaba ɗaya.

Na koma gida na dama tawada da gawayi da ƙaro, na feƙe alƙalamin kara, na rubuta Asma'u bintu Fodiyo da ajami, irin hannun da malaminmu ya koya mana a allo. Da dare suka haska takardar a katanga da na'ura, suka bi layin da alli, sannan fenti. Alif ɗin kaɗai ya kai tsayina.

Yaron mai zanen ya so ya mayar da ɗigon fa sama, wai haka ya gani a waya. Na riƙe hannunsa. A rubutunmu na Warsh, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf ce mai ɗigo ɗaya a sama. Tun 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira abin ke ci mini rai, ba zan tsaya ana sauya mana ko ɗigo ba.

Washegari wani dattijo mai kai shanu kasuwar Kara ya karanta sunan da ƙarfi, ya yi mata addu'a, ya nemi a kai shi wurin wanda ya rubuta. Shi ne ya zama surukina, labarin da zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.