Sakan 40 a waya suka raba mu da yarinyar da ta ba mu wasan

Duk malamin da ya taɓa riƙe ƙungiyar dirama a sakandare ya san inda gizo ke saƙar: babu wasan da za ka miƙa wa yara. Abin da ke kan kanta a ofishin malaman Hausa shi ne irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Littattafai ne masu daraja, muna karantar da su a aji, amma rigimar aure ce ta manya. Ka ɗauko yaro ɗan shekara 14 ka manna masa gemun auduga ka ce ya zama maigida, tashe kawai za ka samu. Tashe kuwa yana da lokacinsa, daga goma ga azumi, kuma yaran sun fi mu iya shi. Shi ya sa bara na ce mu rubuta namu, wanda yara za su fito a yaransu.

Hanyar da na bi ba ni na ƙago ta ba. Ina ɗalibi a Samaru nakan leƙa dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka gina da ƙasa tun shekarun 1970, in ga yadda ɗaliban sashen ke shiga unguwa su saurari mutane, su dawo su gina wasa a kan abin da suka jiyo. Haka na yi da nawa yaran. Na zaunar da su gindin darbejiya na ce kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Aka yi ta shirme, wannan ya ce satar takalmi a masallaci, waccan ta ce zaluncin monita. Can sai wata 'yar SS2, yarinyar da sai ka yi da gaske kake jin muryarta a aji, ta ce akwai wata maƙwabciyarsu da ke suyar awara kullum da yamma. Da kuɗin awarar aka biya wa yayanta jarrabawar NECO, kuma ta riga ta san idan tata ta zo za a ce babu.

Wurin ya yi tsit. Na san mun samu wasa.

Rubutun bai ba mu wahala ba, ban da abu guda da ya ba ni mamaki. Yaran da ke kwana su tashi da Hausa, da yawansu ba sa iya karanta ta a boko ba tare da in'ina ba. Sai na daina raba takardu. A tsaya a yi fitowar da baki, yarinya ɗaya tana gefe tana rubuta abin da ya yi daɗi, ni kuma in je gida in tace. Gwaji sai Alhamis da Juma'a, don sauran ranakun Islamiyya ce ke da yamma. 'Yan SS3 kuwa ban ko kula su ba, WAEC da NECO sun riga sun cinye musu zangon ƙarshe.

Ita wadda ta kawo labarin ita ta fito a mai awara, don babu wanda ya kama ƙafarta. Akwai fitowar da take tsayawa gaban uban. Ban rubuta mata ko kalma ba, daga bakinta ta fito: "Baba, kaskon da nake ƙonewa a kansa shi ya biya wa Yaya kuɗin jarrabawa. In tawa ta zo, wa zai ƙone domina?" Tana faɗa tana nuna tabon mai a bayan hannunta. Yaron da ke uban, cikin babbar rigar aro da ta yi masa yawa, ya manta abin da zai ce. Na yi ta murna a raina, ina cewa yarinyar nan 'yar baiwa ce.

Ana saura mako biyu bikin ba da kyaututtuka, wani yaro da ba ya ma cikin ƙungiyar ya leƙo ta taga da waya. Sakan 40 ya ɗauka. Ya ɗora a sitatus na WhatsApp, ya rubuta "sabuwar jaruma" da 'yan hotunan dariya, kafin dare wani ya kai TikTok. Abin da ke cikin sakan 40 ɗin: 'yar mutane ta ɗaga murya, tana nuna wa mai babbar riga hannu. Inda ta durƙusa daga baya, da amsar da uban ya bayar, duk babu. Washegari ba ta zo makaranta ba. Ƙanenta ya kawo saƙo cewa an ce ta bar dirama.

Na tafi gidan bayan la'asar da ƙwarin gwiwata, don ina da takardar izini mai sa hannu a aljihu. Mahaifin direba ne, yana kudu, baffanta ke riƙe da gidan. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar iyali da damina. Mutum ne mai natsuwa, wallahi, bai ɗaga mini murya ba. Na ce, "Alhaji, wasan makaranta ne na faɗakarwa, ba fim ba ne." Na kawo masa Malam Aminu Kano, na ce shi ma ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi, ya kuma ci gaba da yana koyarwa a Bauci. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, Malam Aminu ai namiji ne." Na fito da takardar. Ya juya ta ya duba, ya ce wannan ba hannun ɗan'uwansa ba ne, hannun yaron gidan ne. Ashe yayanta ta kai wa ya sa hannu, shi ke da boko a gidan, kuma ko karantawa bai yi ba.

Sannan ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Malam, kuɗin jarrabawar yaronmu ne yanzu ake tallarsa a waya?"

Nan jikina ya yi sanyi. Babu wata maƙwabciya. Awarar tasu ce, a ƙofar gidan nan ake soya ta, har na wuce murhun da zan shiga zaure. Tabon hannun nata ne na gaske. Duk unguwar sun san wa ke suyar awara, sun san wane ne ya zana NECO, don haka su ba wasa suka gani a wayar ba. Sun ga 'yar gidan wane tana tona asirin gidansu a bainar jama'a.

Abokan aikina sun yi ta cewa jahilci ne da ƙin ci gaba. Ban yarda ba. Tsoron da iyaye ke yi wa hoton 'ya mace a waya ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ba su manta da 2007 ba, lokacin da bidiyon waya na wata 'yar fim ya girgiza Kano har aka dakatar da harkar na wani lokaci. Ba su manta da 2016 ba, da aka fasa gina ƙauyen fim na Kofa a jihar Kano saboda malamai da jama'a sun ce ba sa so. Uban da ke tunanin ranar da za a zo neman auren 'yarsa, wani ya zaro waya ya ce ga ta nan, ba za ka kira shi wawa ba. Haushina yana kan mai wayar, da kuma wannan takarda da muke bugawa kowace shekara muna jin mun rufe ƙofa.

Wata malama abokiyar aikina ta shiga cikin gida, inda ni ba ni da iko. Uwar ba ta yi fushi da 'yar ba, ta ce dai ita ba ta da ta cewa. Shi ke nan. Yarinyar ta dawo aji bayan kwana biyu, amma ba ta sake taka wurin gwaji ba, ranar wasan ma ba a bar ta ta zo ba.

Shugaban makaranta, da labari ya kai masa, cewa ya yi a cire fitowar baki ɗaya a sa waƙar maraba da baƙi. Na ce in an cire ta babu sauran wasa. Muka yi ta ja, har wata dattijuwa mai sharar ofis, da ke jin mu, ta ce, "Ku kuwa Malam, wace 'ya ce ke faɗa wa ubanta haka ido da ido? Ai kakarta za ta faɗa wa." Na tsaya ina kallonta. Gaskiyarta. A gidan Bahaushe akwai maganar da ba ta wuce tsakanin 'ya da uba, amma tsakanin jika da kaka ƙofa a buɗe take, wasa ne ya halatta ta. Muka sake gina fitowar a daren. Mai awara tana tsefe wa kakarta kai a tsakar gida, suna tsokanar juna, kakar tana ce mata kishiya, har maganar kaskon ta fito cikin raha, sannan rahar ta ƙare. Uban yana gefe yana alwala da buta, yana ji, ba wanda ya kalle shi. Ya tsaya da ruwa a hannu bai kai fuska ba. Ba a ba shi ko kalma ɗaya ba a fitowar.

Ba na son faɗa, amma wannan ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma da haka muka tsara ta tun farko, ko an ɗauka a waya, me za a gani? Yarinya tana tsefe wa tsohuwa kai.

Wadda ta maye gurbin ita ce mai rubuta mana magana a gefe, don duk wasan yana kanta. Ta yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Da aka zo kan kaskon, ɓangaren iyaye mata ya yi shiru, na ji wata daga baya ta ce "wallahi haka ne". An tafa, an ba ƙungiyar kyauta. Ni dai ina tsaye bayan labulen zannuwan da muka ɗaura ina jin kalmomin wata a bakin wata, mai su tana gida, wataƙila a kan kaskon.

In za ku rubuta sabon wasa da yara, ga abin da zan ce, kuma da zafi nake faɗa. Wanda ya kawo labari kada ya fito a cikinsa. Duk yaron da ya ce maka "wani abokina" ko "wata maƙwabciyarmu", ka ɗauka shi ne, ka yi shiru, ka ba wani matsayin. Sannan ka sauya wa labarin kaya. Da awarar ta zama ɗinkin hula, NECO ta zama kuɗin koyon kanikanci, yayan ya zama ƙane, babu mai nuna gidan kowa da yatsa, kuma ciwon da ke cikin labarin yana nan yadda yake. Sabon wasa yana da daɗi ne don daga rayuwar yaran aka ɗebo shi, amma su yaran gida za su koma su kwana bayan an tashi, a unguwar da kowa ya san kowa.

Takardar izini kuwa, ku buga don fayil ɗin ofis, amma kada ku dogara da ita. Bana kafin a fara gwaji sai da na bi gidajen 'yan matan, ni a zaure, malama a ciki. Tambayar farko: wane ne babba a gidan nan? Ba lalle uban ba ne. Wani gidan baffa ne, wani kawu, wani gidan kuma tsohuwa ce a ƙuryar ɗaki wadda in ta ce a'a an gama. Ba na ba su labarin wasan a dunƙule, fitowar da ta fi zafi nake karanta musu da bakina, su ji ta a wurina kafin su ji ta a wani wuri. Gida biyu sun ce a'a nan take. Na gode musu. A'a a farkon zango ba ta kashe wasa, wadda ke zuwa ana saura mako biyu ita ce masifa. Kowane babban matsayi yanzu mutum biyu ke koyonsa. Waya kuma, ta ɗan ƙungiya da ta malami, a kwali take kwana a bakin ƙofa, tagogin ma mun sa musu labule, duk da zafin da ake sha. Na san wannan ba ya hana ranar wasa, inda kowane uba ke ɗaga tasa. Shi ya sa nake bin rubutun fitowa-fitowa ina tambayar kaina: in aka yanko sakan 40 daga nan, ba gaba ba baya, me mutumin da bai san komai ba zai gani? Inda amsar ba ta yi mini daɗi ba, ba na jefar da maganar. Ina nemo mata kaka, ko ƙawa, ko waƙar gaɗa da 'yan mata za su rera ta a ciki.

Yarinyar tana SS3 yanzu. Muna gaisawa a baranda, ta rusuna ta wuce, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne makon jiya shugaban makaranta ya kira ni ofis. Shi da ya ce a cire fitowar, shi da bai taka ƙafa zuwa zauren nan ba, yanzu yana so a ɗauko mai kyamara a ɗauki wasan bana a ɗora a shafin makaranta na Facebook, wai don jawo sababbin ɗalibai. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi wa iyaye alkawari a zaurukansu cewa wasan a filin makaranta zai tsaya." Ya ce ai sun sa hannu a takarda. Na ce in yana so, ranar Asabar mu shiga motarsa mu bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu da bakinsa. Ya ce zai duba jadawalinsa.