Idan kanel ya yi shiru a QEMU, fara duba bishiyar na'urori

Ƙannena masu koyon Linux a allon ARM na kwaikwayo, wato a manhajar QEMU, ku sani kanel, zuciyar Linux, ba ya laluben kayan allo da kansa. Sai an faɗa masa inda RAM ta fara, adireshin UART (na'urar da yake fitar da saƙonninsa ta cikinta), da yawan CPU. Duk wannan yana cikin bishiyar na'urori, wato fayil ɗin DTB. A ARM mai bit 32 ana miƙa adireshinsa a rajista r2, a arm64 kuma a x0, kuma a arm64 kada fayil ɗin ya wuce megabait 2.

Kuskuren da ya fi cin mini lokaci shi ne ɗaukar allunan QEMU duk halinsu ɗaya. `-M virt` yana ƙera DTB ɗinsa duk lokacin da aka kunna shi. `vexpress-a9` kuwa sai ka ba shi `-dtb vexpress-v2p-ca9.dtb`. In ka manta, ko harafi ɗaya ba za ka gani ba, domin kanel bai san inda UART take ba balle ya yi kuka.

Na biyu ya fi wayo. Na fitar da bishiyar virt da `-machine dumpdtb=virt.dtb`, na mayar da ita rubutu da `dtc -I dtb -O dts`, na gyara, na sake harhaɗawa. Sai dai da CPU ɗaya na fitar da ita, na zo ina kunnawa da `-smp 4`, wato CPU huɗu. QEMU yana sabunta girman RAM da abin da ka sa a `-append` (layin umarnin kanel), amma ba ya ƙara CPU a bishiyar da ka kawo. Kanel ya tashi lafiya lau, sauran CPU ukun kuwa suna barci. Fitar da bishiya da ainihin umarnin da za ka kunna da shi.

A U-Boot, manhajar da ke tayar da kanel, in babu initrd (ƙaramin tsarin fayiloli na farko da ake lodawa a RAM), kada ka bar ɗan karan nan na tsakiya: `bootz adireshin-kanel - adireshin-dtb`. In ba shi, sai a ɗauki DTB a matsayin initrd. Kafin ka tayar, duba adireshin DTB ɗin da `md.b`, bait huɗu na farko su zama d0 0d fe ed. Da `md.l` za ka gan su a juye, edfe0dd0, kada hankalinka ya tashi.

Sa `console=ttyAMA0 earlycon` a layin umarnin kanel domin ka ga saƙonninsa tun da wuri. Da tsarin ya tashi, leƙa `/proc/device-tree`. Abin da ke can shi kanel ya karɓa, ko da ya saɓa da fayil ɗin da ka gyara.