Daskarar da ƙwan haihuwa: abin da ma'aurata ke tsoro

A asibitocin haihuwa na Abuja, da zarar likita ya ambaci daskarar da ƙwan mace, sai ka ga maigida ya gyara zama. Tsoronsa nasaba ce: kar a haɗa ƙwan matarsa da na wata. Tsoro ne mai tushe, don haka ku nemi a nuna muku yadda ake sa wa kowane ƙwai suna da lamba.

Ga yadda aikin yake. Allurar da ke sa ƙwayaye girma ake yi wa mace kullum, kwana 10 zuwa 12, ana bin ƙwayayen da hoton ciki. Bayan allurar ƙarshe da kamar awa 36, a ciro su, sai a daskarar da waɗanda suka nuna cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tankin da ake ajiye su ba ruwansa da ɗauke wuta, ƙarin ruwan naitirojin yake bukata a kan kari.

Ba duk ƙwai ke tsira bayan narkarwa ba, kuma na 'yar shekara 30 ya fi na 'yar 40 inganci nesa ba kusa ba. Jinkirin yanke shawara shi ke cutar da mata da yawa.

In ciki ya kumbura sosai ko numfashi ya yi wuya bayan allurar, a koma asibiti nan take.