Abin da nake dubawa a bakin buji

Garejina yana Tawa, bakin hanyar Konni, ni da yara uku. Motoci masu shan esanshi da baburan kabu-kabu su ne yawancin aikinmu. Duk wanda motarsa ta fara kakkarwa, ko ta ƙi tashi da safe, maganarsa ɗaya ce: "Maigida, a canza mini buji." Buji shi ne ke ba da tartsatsin wutar da ke kunna esanshi cikin moter. Ni kuwa ba na canzawa sai na gani da idona.

Sai moter ya huce muke sa kile, wato abin kwance buji, na 16 ko na 21, gwargwadon motar. Kafin a kwance, dole yaro ya hure ramin bujin da iska, don ƙurar garin nan, balle lokacin hunturu, in ta zuba cikin silinda ta zama wata ɓarnar. In an fiddo bujin duka, nakan jera su yadda suke a moter, saboda kowanne labarin silindarsa yake bayarwa.

Bakin buji mai launin ƙasa-ƙasa, moter lafiya lau. In ya yi baƙi ƙirin kuma a bushe, esanshi ne ya fi iska yawa, sau da yawa filtar iska ce ta toshe da rairayi. Baƙi mai maiƙo ya fi muni: man moter ne ke haurowa, wataƙila sagiman, wato zobban fistan, sun cinye. A nan nake ce wa mai mota, "Alhaji, ko na sa maka sabo, ba zai daɗe ba zai koma haka." Wasu su ji, wasu su tafi wani gareji, Allah Ya kiyaye hanya. Fari fat kuwa zafi ne ya yi yawa, ba a wasa da shi.

Tazarar bakin, inda wuta ke tsallakawa, a yawancin motocin nan, tsakanin milimita 0.7 ne da 1.1, kuma da ma'auni ake gwadawa, ba da farce ba. Buji na yau da kullum yakan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000, na iridiyom ya kai 100,000, in na gaske ne. Jabu ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na asali ƙyalli.

Wajen ɗaurawa nake tsayawa kan yarana. Da hannu ake fara murzawa har ya zauna, sannan kile. Kulas ɗin, wato kan moter inda buji ke shiga, aluminiyom ne, in zarensa ya lashe, aikin rabin awa ya koma na kwana biyu, kuma daga aljihuna za a biya.