Zogale, ɓeraye da maganin ciwon daji: inda gwajin haihuwa yake lalacewa

Maganin ciwon daji cyclophosphamide idan ya shiga hanta yakan saki wani sinadari mai suna acrolein, shi kuma ya ƙone kitsen da ke jikin ƙwayoyin maniyyi har su daina motsi. Dalilin ke nan da masu bincike suke ɗura wa ɓeraye ruwan zogale, citta ko habbatussauda, su ga ko sinadaran kariyar da ke cikinsu za su tare ɓarnar.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Ɓera yana buƙatar kwana 50 da 'yan kai kafin sabon maniyyi ya kammala, don haka gwajin sati 2 tsohon maniyyi kawai yake aunawa. A ba shi sati 8. Ranar ɗibar maniyyin kuwa, a tsaga wutsiyar bututun da ke manne da ƙwan ɓeran, a sa ruwan cikin ɗumin digiri 37 nan take. Yana yin sanyi motsi ya ragu, a ɗora wa magani laifin banza.

Abin da ya fi damuna, yawancin ɓerayen nan ba su da ciwon daji. Ganyen da ya kare maniyyi zai iya kare ƙarin ciwon dajin da ake yaƙa, shi ya sa mara lafiya kada ya haɗa ganyen da maganin sai likitansa ya sani.