Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Aka Fara Tambayata "Nawa Ne?"

Makon jiya na tsaya ne a inda maigidana, wanda ya koya mini sana'ar rufa-ido, ya yarda in fara fita wasa ni kaɗai, bayan shekara 3 ina ɗaukar masa akwati ina kallon hannunsa. A lokacin na iya wasan kofuna da ƙwallaye, na iya yanka igiya in mayar da ita yadda take, na iya ɓatar da kwabo a tafin hannu in ciro shi a bayan kunnen yaro. Abu ɗaya ne ban taɓa koya ba, ban ma san koyonsa ake yi ba: amsar da zan bayar idan aka tambaye ni kuɗin aikina.

Wata mata ce ta fara yi mini tambayar, a waya. Ta ganni ina taya maigida a wani taro, tana son in zo in yi wa 'ya'yanta da abokansu wasa. Muka gaisa, ta faɗi rana, sai ta ce, "To, nawa za a ba ka?" Gabana ya faɗi. Tsorona kada in faɗi abin da zai sa ta kashe waya, don haka na ce, "Hajiya, duk abin da ya sawwaƙa." Ta ce a'a, in dai faɗa. Na faɗi wani adadi da ya zo mini baki, kafin ma ta yi magana na ƙara da cewa ana iya ragewa. Ta rage, na ce na sallama.

Wasan ya yi kyau, yara sun yi ta sowa, na koma gida cikin farin ciki. Sai da na zauna da dare na cire kuɗin mota zuwa da dawowa, na cire kuɗin igiyar da na yayyanka da kartar da na bari yara suka sa hannu a kanta suka yaga, sannan na ga abin da ya rage a hannuna bai kai ladan yinin ɗan dako ba. Duk da haka ban damu sosai ba, na ce ai farkon farawa ne.

Inda abin ya ci ni shi ne bayan nan. Matar ta ji daɗi, ta ba ƙawayenta lambata, ta kuma gaya musu abin da ta biya. Wata 8 cur duk wanda ya kira ni da wannan kuɗin yake buɗe baki. In na ɗan ɗaga sai a ce, "Ai wance ga abin da ta ba ka." Kusan kowane ƙarshen mako ina da aiki, ana yabona, amma takalmina ya tsage na kasa sauya shi, zobban ƙarfen da nake sha'awar saye kuwa sai dai in leƙa su in wuce.

Ranar da na kai wa maigida kuka, bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini takarda da biro ya ce, "Ɗana, rubuta mini wasanka na jiya. Minti nawa ka yi a gaban mutane?"

Na ce, "Minti 40, Baba."

"Ƙarfe nawa ka bar gida, ƙarfe nawa ka dawo?"

Muka shiga lissafi. Awa 1 na shirya kaya da goge tufafi. Awa 2 a hanya, zuwa da dawowa. Na isa awa 1 kafin lokaci, don in ga wurin, in san inda haske yake faɗowa da inda mutane za su iya hango bayan hannuna. Aka jinkirta farawa da wata awa 1 da rabi saboda baƙi ba su gama zuwa ba. Sannan haɗa kaya bayan an tashi, da kiraye-kirayen waya da aka yi kafin ranar. Muka tashi da kusan awa 7. Ya ja layi a ƙarƙashin adadin ya ce, "Kai minti 40 ka sayar, awa 7 ka bayar. Ban ma sa shekara 3 da ka yi a gaban madubi ba."

Daga nan ya koya mini lissafin da har yau da shi nake aiki. Ya ce mai rufa-ido ba ya fara lissafi daga wasa ɗaya, daga shekara yake farawa. Ka zauna ka rubuta abin da kake buƙata a shekara don ka rayu ba tare da roƙo ba, ka ɗora abin da sana'ar kanta ke ci: kayan da ke ƙarewa, tufafin fita, gyaran akwati da lasifika, waya, sufuri, haraji inda ake biya, da ɗan abin da za ka ajiye saboda ranar ciwo. Sai ka raba da yawan wasannin da za ka iya samu da gaske. A nan ne mutane ke yaudarar kansu. Shekara tana da mako 52, amma masu kiran mai wasa kusan duk ranakun hutu suke so, kuma akwai watannin da waya ke yin tsit. In kana samun wasa 2 a mako, ka cire makonnin da babu komai, da ƙyar ka wuce 80. Abin da rabon nan ya ba ka, shi ne ƙasan farashinka. Ka sauka ƙasa da shi, to kai ne kake biyan mai taro don ya kalle ka.

Da na yi nawa lissafin, sai na ga abin da nake karɓa bai kai sulusin abin da ya kamata ba. Na ce, "Baba, wa zai biya wannan?" Ya ce ba kowa ba, kuma ba kowa ne nawa ba.

Abu na biyu da ya hana ni shi ne faɗin kuɗi kafin in yi tambaya. Mutum nawa ne? Yara ne ko manya? A kan dandamali zan tsaya, ko zagayawa zan yi tebur-tebur ina wasa a tafin hannun mutane? Akwai makirufo ko in zo da nawa? Ina ne wurin, ƙarfe nawa za a fara, wa zai biya? Wasan yara 15 a falo da wasan mutum 300 a zauren taron kamfani ba aiki ɗaya ba ne, ko da dabarun sun yi kama. Na lura kuma tambayoyin nan suna sauya yadda mai kira ke kallona. Wanda ya kira yana neman "wani mai siddabaru", kafin mu gama magana ya gane da ma'aikaci yake magana. In na gama tambaya, in faɗi kuɗin sau ɗaya, a fili, in yi shiru. Shirun nan ya fi kowace dabarar karta wuya a wurina. Na yi watanni ina cije leɓe don kada "ana iya ragewa" ta kuɓuce mini.

Akwai labarin da maigida yake yawan kawowa, daga baya na karanta shi da kaina. Harry Houdini, shahararren mai rufa-ido wanda aka haifa a Budapest a 1874 ya tashi a Amurka, ya yi shekaru shi da matarsa Bess suna wasa a ƙananan rumfunan kallo, sau da yawa a rana, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wasan karta yake yi kamar kowa. A 1899 wani mai shirya wasanni, Martin Beck, ya gan shi yana kwance ankwa daga hannunsa, ya ba shi shawarar ya mayar da hankali a kan wannan, ya kuma ba shi aiki a birnin Omaha na Amurka a kan dala 60 a mako. A 1900 ya ƙetara Turai, kuma cikin 'yan shekaru ya shiga sahun waɗanda aka fi biya a sana'ar. Hannun dai shi ne na jiya. Abin da ya sauya shi ne ya riƙe abin da ba a samu a wurin kowa ba. Wannan ne ya sa na daina tara dabaru barkatai, na zauna na gina wasa guda na igiya da zobba wanda in an gan shi za a ce nawa ne.

Sauran ƙa'idojin a jikina na koye su. Wata makaranta ta riƙe mini rana, na ƙi wasu ayyuka 2 saboda ita, ana gobe aka kira ni aka ce an fasa. Ko sisi ban samu ba, ranar kuma ta tafi. Tun daga nan ba na rubuta sunan kowa a kalanda sai ya ba da rabin kuɗi, kuma sai mun rubuta komai ko da a saƙon waya ne: rana, lokaci, tsawon wasa, cikon kuɗi da lokacin biyansa, da abin da zai faru in an fasa. In dillali ne ya kawo aikin, la'adarsa a fili muke yanke ta tun farko. In mutum ya ce kuɗinsa bai kai ba, ba na jin haushi, sai in rage tsawon wasan ko in bar manyan kaya a gida, don ragin ya zama da dalili. Masu cewa in zo kyauta wai zan samu sanuwa kuwa, na gwada su har sau 4, kuma abin da na samu shi ne wasu masu neman kyauta. Ina yin wasa kyauta har gobe, a gidan marayu da ɗakin yara marasa lafiya, amma ni nake zaɓa, kuma da zuciya ɗaya nake zuwa.

Wani abu da ban gane ba sai daga baya, kuma har yanzu yana damuna, shi ne arahar da na yi ba ni kaɗai ta cuta ba. Akwai wani dattijo a sana'ar, mai iyali, wanda aka riƙa ce masa ga yaro can yana yi a kan sulusin kuɗinsa. Bai taɓa yi mini magana ba. Da na ji labarin, na je har inda yake na ba shi haƙuri. Ya riƙe hannuna ya ce in dai gyara, ya wuce.

Kira na farko bayan na gyara farashi, wani mutum ne mai shirya wa ma'aikatansa liyafa. Na yi tambayoyina, na faɗi kuɗin, na yi shiru. Ya taya rabi. Na ce, "Albarka, ranka ya daɗe." Ya ce zai yi shawara, ya kashe waya, bai sake kira ba. Na biyu ma haka. Makon nan gaba ɗaya ban fita ko'ina ba, na kwana ina juyi ina tunanin ko in koma gidan jiya. Na uku wata mata ce, ta saurari kuɗin ta ce, "To, ina zan tura rabin?"

A wurin taronta ne na haɗu da mutumin da ya fara ɗora ni a kan babban dandamali, a gaban mutanen da ban taɓa ganin yawansu ba, kuma a daren ne igiyata ta ƙi yankuwa. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.